Taɓaryar Ɗan Baƙi

Léon ya tafi Mokolo jana'izar yayansa, mako uku kacal ya yi, ya dawo Garuwa ya tarar an lalata masa doki. Dukushi ne akawal, baƙi wuluk, ɗan shekara uku da 'yan watanni. A hannunsa aka haife shi a bargar Alhaji Sulaimanu, shi ne ma ya laƙaba masa Ɗan Baƙi. Kafin ya tafi sai da ya ja kunnen kowa a gidan cewa kada a kuskura a ɗora masa sirdi. To, gidan attajiri ba ya rabo da gwanaye. Wani baƙo ya sauka, mai bugun ƙirjin cewa daga nan har Njamena babu irin dokin da bai hau ba. Ya sa aka ɗauko tsohon linzamin nan na gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe, ya cusa wa dukushi a baki, ya haye, ya ja linzami, ya kuma zuba masa kaimi a lokaci guda. An ce wa dabba tafi, an ce mata tsaya. Gaba ba hanya, baya ba hanya, sai ta nufi sama. Ɗan Baƙi ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya yana dukan iska da na gaba, gwani ya sulale ta wutsiya ya zauna daɓas a ƙasa. Tun daga ranar dokin ya koyi taɓarya, ya kuma gane tana raba shi da duk wanda ke bayansa.

Alhaji Sulaimanu ɗan kasuwar atamfa ne, jikan fataken Katsina da suka zo Garuwa suka ƙi komawa. Dawakinsa uku, kuma ba don ado yake kiwonsu ba, hawa yake yi da yamma a bakin kogin Binuwai in ya taso daga kasuwa kansa ya ɗau zafi. Da Léon ya dawo, ya kira shi zaure ya ce ya gama shawara. Doki mai taɓarya, in ji shi, wata rana da baya zai kife a kan mahayinsa, shi kuwa ba zai ɗaure ajalin wani a turkensa ba. Akwai wani Mahamat a Kolofata mai keken doki, yana jigilar buhunan albasa, ya ce yana so.

Léon ya san abin da keke ke yi wa doki. Ya sha ganinsu a hanyar garinsu, kafaɗa duk gyambo, haƙarƙari a waje, ido a mace. Shekara talatin da tara yana gidan nan bai taɓa roƙon Alhaji komai ba. Ko lokacin da matarsa Yvette ta kwanta asibiti, a bakin mutane Alhaji ya ji, ya je da kansa yana faɗa. Amma ranar nan ya roƙa. Ya ce a ba shi lokaci, in bai raba dokin da wannan hali ba, shi da hannunsa zai ɗora shi a mota.

"Har ruwa ya rufe yashin kogi," in ji Alhaji. "In ya wuce nan, Léon, kada ka sake yi mini maganar."

Watan Janairu ne a lokacin. Léon ya ga yana da wajen wata biyar, a ransa kuwa ya ce ko uku sun ishe shi.

Daga duwatsun Mandara ya gangaro yana ɗan shekara sha tara, bai taɓa riƙe abin da ya wuce jaki ba. A bargar nan ya koyi doki, a nan ya koyi Hausa, duka a wurin tsohon da ke kula da dawakin mahaifin Alhaji. Shi da Alhaji tare suka yi samartaka, tare furfura ta same su. Tun zamanin mahaifin aka kafa doka guda a gidan, cewa Lahadi ta Léon ce. Zai je cocinsa, ya wuni da iyalinsa, ko goɗiya ce ke naƙuda ba za a aika masa ba. Kuma ba a taɓa aikawa ba. In 'yan'uwansa a Mokolo suka tsokane shi cewa ya ƙare rayuwarsa a kwasar kashin dokin wani, da wannan yake rufe musu baki, ya ce su nuna masa inda aka taɓa riƙe musu alkawari ko na shekara biyu. Ranar Lahadi ɗan Alhaji ne, Taufiƙ, ke zuba wa dawakai harawa da ruwa. Taufiƙ ya gama jami'a a Ngaundere shekara huɗu ke nan, takardu a jaka, aiki babu. Léon ne ya fara ɗora shi a sirdi tun bai iya sa wando da kansa ba, yana kuka yana ƙanƙame masa wuya.

Abin da Léon ya fara yi shi ne ya ɗauki linzamin nan ya kai wa Alhaji hannu da hannu, ya ce a kulle shi a akwatin ƙarfen da ke turakarsa, inda ba mai shiga. Alhaji ya yi dariya, ya ce sai ka ce bindiga, amma ya kulle a gabansa. Daga nan Léon ya duba bakin dokin haƙori ɗaya bayan ɗaya, ya bi gadon bayansa da yatsa, ya sake shimfiɗar sirdi. Mako biyu bai hau ba. Ragama kawai ya sa masa, ta igiya mai laushi, ya riƙa jan sa da sassafe zuwa gindin gada, inda kogi ya janye ya bar yashi fari fat. A yashi mai zurfi doki ba ya samun wurin kafa ƙafar baya da kyau, in kuma mutum ya faɗo ba ya karyewa. Masu wanki da masu ɗiban yashi suka saba da ganinsu, tsoho a gaba, baƙin doki a baya, suna ta kai da kawo kamar masu neman wani abu da suka yar.

Da ya fara hawa, aikin duk na cinya ne da yatsu. Doki ba ya taɓarya sai ya tsaya cik tukuna, ya tattara nauyinsa baya, gabansa ya yi sakayau. Léon yana jin wannan a jikinsa tun dokin bai gama shawara ba. Da ya ji, sai ya lanƙwaso kansa gefe guda har hanci ya kusa taɓa likkafa, ya tura shi da ƙafa ya zagaya, ya sake zagayawa, sannan ya sake shi ya yi gaba. Dokin da ƙafafunsa na baya ke tafiya ba shi da abin da zai tsaya a kai. In kuma ya riga shi tashi, sai Léon ya saki igiya gaba ɗaya, ya kwanta a kan gezarsa ya rungume wuya, ya jira ya sauko, sannan ya ce masa mu je. Ba bulala, ba tsawa. Duk takun da dokin ya yi gaba don kansa, sai ya sassauta hannu ya sosa masa wuya. Abu ɗaya yake so ya shiga kan Ɗan Baƙi, cewa gaba a buɗe take kullum, kuma hannun mutum ba ciwo ba ne.

Kafin ƙarshen Fabrairu dokin ya yi mako guda cur bai ɗaga ƙafa ba. Ran Asabar Léon ya koma gida a babur yana rera waƙar coci, har Yvette ta tambaye shi ko an yi masa albishir da jika ne. Ran Litinin yana zama a sirdi Ɗan Baƙi ya tafi sama, irin miƙewar da bai taɓa yi ba, sai da masu wanki suka yi salati.

Haka abin ya zama. Litinin da Talata faɗa, Laraba sulhu, Alhamis zuwa Asabar doki kamar tunkiya, wata Litinin kuma a koma farko. Léon ba wawa ba ne, ya lura da ranar. Ya ce hutun Lahadi ne, doki ya wuni a tsaye ya ci ya ƙoshi, ƙarfi ya yi masa yawa. Ya ce wa Taufiƙ ya rage masa dawa, Taufiƙ ya ce to. Wata Litinin ya ga gefen bakin dokin ya yi ja, ya tambaya, Taufiƙ ya ce ai yana ganinsa yana goga baki a jikin turke. Léon ya samo tsohon buhu ya naɗe turken tas. Ya canza harawa, ya canza wurin ɗauri, ya ƙara kanwa, ya rage kanwa. Babu inda bai nemi laifi ba, har a jikin kansa, in ban da wuri ɗaya da bai ko kalla ba.

A ƙofar gida akwai majalisar abokan Alhaji bayan la'asar, kuma kowa a cikinsu malamin doki ne muddin yana zaune a tabarma. Wani ya ce a fasa masa ƙwai a tsakanin kunnuwa yayin da ya miƙe, zai zaci kansa ne ya fashe, ba zai ƙara ba. Wani ya ce ba ƙwai ba, goran ruwan ɗumi. Wani mai ƙaton tumbi, wanda Léon ya tabbata ko jaki bai taɓa hawa ba, ya ce a fizgo shi ya faɗi da baya sau ɗaya, ƙasa za ta koya masa. Léon yakan wuce abinsa da guga a hannu. Abin da ke masa ciwo shi ne Alhaji ma ya shiga. "Ku ƙyale mutumin dutse," yakan ce. "Tsufa ne ya kama hannun." A yi dariya, Léon ma ya yi, ya shiga barga ya daɗe yana kallon hannayen nasa.

A watan Afrilu, zafin Garuwa na dafa mutum a tsaye, ya haɗiye girman kansa ya tafi filin sukuwa wurin Adoum. Adoum mai horar da dawakan tsere ne, Léon ya girme shi da shekara ashirin, kuma rabin abin da ya sani a bakin Léon ya tsinta. Ya saurara har ƙarshe, ya sa Léon ya maimaita ranakun, sannan ya dube shi yana wasa da makullin babur, ya kira shi Tonton, wato kawu da Faransanci.

"Tonton, doki ba ya manta karatun kwana shida don ya huta kwana ɗaya. Wani na hawansa a bayan idonka."

Ran Léon ya ɓaci sosai. Ya ce wa Adoum ya saba da 'yan tsere masu yi wa juna zagon ƙasa, shi ya sa yake ganin kowa haka. Gidan Alhaji Sulaimanu ba filin sukuwa ba ne. Linzamin ma a kulle yake a ɗakin mai gidan, kuma yaron da ke kula da dawakan ranar, a bayansa ya goye shi. Ya tashi ko sallama bai yi ba, a hanya yana jin haushin kansa da ya kai sirrin gida waje.

Mayu ya shigo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ruwan kogi ya soma canza launi, alamar an yi ruwa a can sama, yashin da suke aiki a kai yana raguwa ta gefe. Léon ya daina cin abinci sosai. In ya ga motar kaya mai lambar arewa ta tsaya a layin, sai ya zaci dokin ta zo ɗauka ta kai wa Mahamat. Wata Asabar da yamma ya jira majalisa ta watse, ya samu Alhaji shi kaɗai, ya tsuguna, abin da ba ya yi. Ya ce ya zo ne ya faɗi gaskiya tun kafin ruwa ya faɗe ta. Ya yi iyakar abin da ya sani, dokin yana gyaruwa yana warwarewa, kuma ya fara yarda da maganar da ake yi, hannunsa ya mutu. Ya ce in akwai hali a ƙara masa ko wata ɗaya bayan damina ta sauka, in babu, ba zai ga laifin kowa ba. Alhaji ya dafa kafaɗarsa, ya ce haba, ya daina wannan magana, ya ci gaba da abin da yake yi, Allah na nan. Léon ya tafi gida yana jin kunya, yana kuma gode wa Allah da ya haɗa shi da mutumin kirki.

Washegari aka ɗaura auren Clémentine, 'yar ƙanwar Yvette, da wani Boris mai aiki a kamfanin auduga. Bayan an fito daga coci aka ce dangi na kusa su hau motoci, za a je ɗaukar hoto a wani lambun mangwaro da ke hayin gada. Léon ya so ya zame, Yvette ta harare shi, ya shiga mota. Kwat ɗin da ya sa ta yi masa kaɗan tun da daɗewa, gumi yana bin bayansa. Aka yi hoton amarya da iyaye, aka yi na ƙawaye, aka yi na 'yan kwaya, mawaƙan coci. Sai mai hoto ya ce a ɗan dakata, dokin yana hanya. 'Yan mata suka hau murna. Wata ta gaya wa Yvette cewa yanzu duk auren da ba a yi hoto da dokin nan mai tsayuwa ba, Musulmi ko Kirista, kamar ba a yi ba ne, kuma ranar Lahadi kaɗai ake samunsa, sai an kama layi. Léon ya yi tsaki, ya raɗa wa matarsa cewa wani sakarai ne can yake kashe dabbarsa don hoto.

Tafiyar ya fara ganewa kafin ya ga fuskar. Dokin ya ɓullo ta tsakanin itatuwa an lulluɓe shi da jan ƙyalle mai tuntaye, amma yadda yake ɗan jefa ƙafar hagu waje, Léon ko a cikin dawakai ɗari zai ware shi. Taufiƙ ne a kai, da baƙin tabarau. Ya zo tsakiyar fili ya ce a matsa, zai fara nuna wa ango yadda ake yi. Ya tattara linzami ya ja har haɓar dokin ta taɓa ƙirji, ya zuba masa kaimi. Ɗan Baƙi ya tsaya cik. Léon ya ga kunnuwansa suna juyawa, ya ga ya ɗan karkata kai gefe yana neman ya zagaya, yana neman hanyar gaba da aka yi wata huɗu ana yi masa alkawarin tana nan. Taufiƙ ya ƙara ja. Dokin ya tafi sama, wayoyi suka ɗaga, mata suka rangaɗa guɗa. Kumfar da ta zubo daga bakinsa ba fara ba ce, da ja a ciki. A ƙarƙashin haɓarsa kuwa ga zoben ƙarfen nan, wanda Léon ya ga an kulle da idonsa.

Bai san lokacin da ya ratsa mutane ba. Taufiƙ ya sauko da dokin yana murmushi, ya juyo don ya kira ango, sai ya yi ido biyu da shi. Ya cire tabarau a hankali.

"Tonton Léon. Me ya kawo ka nan?"

"Sauko."

Ya sauko. Léon ya ɗaga hannu zai zare linzamin, sai dokin ya fizge kai sama, ido ya yi fari, yana gudun hannun. Nasa hannun. Wannan ya fi komai yi masa zafi. Ya tsaya, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa da yaren dutse kamar yadda ya saba, har ya sauke kai, sannan ya zare ƙarfen a hankali. Dasashin ya tsage, harshen ya kumbura. Ya kwance igiyar daga jikin ƙarfen, ya ƙulla ragama da ita. Boris ya matso yana tambaya da Faransanci ko lafiya, Yvette ta riƙe shi.

"Pardon, Tonton, yi haƙuri," in ji Taufiƙ, muryarsa a ƙasa don kada a ji. "Kada ka yi mini haka a gaban mutane. Baba ya sani. Shi ya ba ni makullin."

Léon ya juya masa baya. Ya ja dokin ya fita daga lambun, ya hau gada a ƙasa, cikin kwat, linzami a hannu ɗaya, ragama a ɗaya, 'yan acaɓa suna ta yi masa oda. Tafiyar ta fi awa guda. A hanya ya yi ta gaya wa kansa cewa yaron ƙarya yake yi don ya kare kansa, sace makullin ya yi. Har ya isa ƙofar gidan yana riƙe da wannan.

Ya ɗaure dokin, ya shiga zaure. Alhaji yana kishingiɗe da rediyo a gefensa. Da ya ga Léon a gidansa ranar Lahadi, ya kuma ga abin da ke hannunsa, sai ya kashe rediyon ya tashi zaune. Bai yi mamaki ba, bai tambayi ina aka samo ba. Nan Léon ya san yaron bai yi ƙarya ba. Ya ajiye linzamin a kan tabarma, da jinin da komai.

Alhaji ya yi magana mai tsawo, yana kallon tabarma. Ya ce Léon ya san yadda yaron nan ya zauna shekara huɗu, ya kai takarda ofis-ofis har takalminsa ya cinye, ya fara bin wasu abokai da ba su kwanta masa a rai ba. Wani mai hoto ne ya ga dokin ya miƙe a bakin kogi, ya nemi Taufiƙ. Ranar farko da yaron ya shigo gida da abin da ya samu da guminsa, uwarsa kuka ta yi. Yanzu yana tashi da wuri, yana aski, ana kiransa a waya ana ce masa patron, wato maigida. Ya ce shi uba ne, ya rasa yadda zai ce a'a.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya maka, za ka ci gaba da fita da shi?"

"A'a."

"To, ka gani." Alhaji ya ɗago. "Léon, angwayen nan ba mahaya ba ne. In ba don aikin da kake yi masa kwana shida ba, wa zai hau dokin nan ya sauko da ƙafarsa? Kai kake sanyaya shi. Ba don kai ba da tuni ya kashe ɗan wani."

Ya faɗe ta ne kamar yabo, kuma da alama har ransa yabon yake nufi. Sai a nan Léon ya gane. Ashe duk fitar sassafen nan, duk faɗuwar da ya yi a yashi da tsufansa, ba gyara ake jira ya yi ba. So ake ya riƙe dokin a tsakiya, kada ya warke har ya ƙi miƙewa, kada kuma ya haukace har ya ƙi hawuwa. Shi yana gaya wa dabba ta yarda da hannun mutum, ana karɓar yardar ran Lahadi ana sayarwa. Ya tuna dariyar majalisa, ya tuna abin da ya gaya wa Adoum. An ci amanarsa, kuma da hannunsa aka ci ta dokin.

"Jiya fa?" ya ce. "Da na tsuguna a nan na ce maka hannuna ya mutu?"

Alhaji ya ce, "Nauyinka na ji."

Léon ya waiwaya. Ta ƙofar zaure yana hango Ɗan Baƙi a turke, ya sa baki a guga ya janye, ruwan ma zafi yake masa. Doki mai wannan rayuwa ƙarshensa ɗaya ne, wata Lahadi zai wuce inda ya saba tsayawa, ya kife, ko ya karya bayansa ko na wanda ke kai. Keke aƙalla abu ɗaya yake ce wa doki, ya ja ya yi gaba.

"Alhaji, sau ɗaya na taɓa roƙonka, na ce kada ka sayar da shi. Yau na janye. Na kasa, ruwa ya kusa. Ka cika maganarka, ka kira Mahamat."

"Mahamat ya sayi wani tun a Fabrairu." Alhaji ya sosa gemu. "Kuma ko ina so, ba ni da iko. Dokin ba nawa ba ne yanzu. Na ba Taufiƙ kyauta, wata uku ke nan."

Léon ya gyaɗa kai kawai. Ya fita ya leƙa madafa, ya roƙi ruwan ɗumi da gishiri, don bakin ba zai jira fushin kowa ba. Ya naɗe hannun kwat, ya wanke ciwon a hankali, dokin yana fizgewa yana dawowa, daga baya ya jingina goshinsa a ƙirjinsa ya bar shi ya gama. Ya jiƙa masa dusa ta yi ruwa-ruwa yadda zai iya sha. Yana cikin haka Taufiƙ ya iso a bayan ɗan acaɓa, ya tsaya nesa kaɗan yana murza tabarau. Ya ce ya san ya yi laifi, zai nemi linzami mai sauƙi in Tonton ya zaɓa masa. Sannan, da ladabinsa da komai, ya tambaya ko gobe da safe za a fita da shi kamar kullum, don Lahadi mai zuwa akwai aure biyu. Léon ya dube shi, ya nemi yaron nan mai ƙanƙame masa wuya a fuskar, bai same shi ba. Ya ɗauraye hannu ya tafi gida.

Ran Litinin jikinsa ya tashe shi a lokacin da ya saba. Ya wanke fuska, ya sa wandon aiki, ya zauna a bakin gado ya ɗaure takalmi ɗaya. Yvette tana kallonsa daga ƙofa da kofin shayi. In ya je, ya gyara musu dokin aure biyu ke nan. In bai je ba, babu wanda zai sake gaya wa Ɗan Baƙi cewa akwai hanya a gaba. Ya san a daidai wannan lokacin dokin yana tsaye a turke, ya juya kunnuwa wajen ƙofa yana sauraren ƙarar babur ɗinsa, don duk gidan shi kaɗai ne bai taɓa yi masa ƙarya da saninsa ba. Léon ya sunkuya ya kwance takalmin, ya tura shi ƙarƙashin gado. Ya karɓi shayin, ya zauna riƙe da kofin har rana ta fito.